Maiden Castle: Ganuwar Ƙasa a Kan Tudun Alli

Maiden Castle wani dogon tudu ne mai ganuwa a yankin Dorset da ke kudancin Ingila, kimanin kilomita biyu da rabi kudu maso yammacin garin Dorchester. Sunansa kan ruɗi baƙo. Kalmar ƙarshe ta sunan tana nufin fadar dutse mai hasumiya irin ta sarakunan Turai, amma a nan ko tubali ɗaya babu a tsaye. Ƙasa ce tsagwaronta aka haƙa aka tara, ganuwa bayan ganuwa, gwalalo bayan gwalalo, har suka yi wa kan tudun ƙawanya, ciyawa kuma ta zo ta lulluɓe su. Filin da ke ciki ya kai hekta 19, abin da ya sa ake lissafa wurin cikin manyan garuruwan kan tudu na Zamanin Ƙarfe a duk Turai. Irinsa suna da yawa a tsibiran nan: wani kundin taswira da jami'o'in Oxford da Edinburgh da Cork suka fitar a 2017 ya ƙirga 4,147 a Birtaniya da Ayalan. Ƙalilan ne dai suka kama ƙafarsa wajen girma, kuma da wuya a sami wanda aka sha gardama a kan tarihinsa kamarsa.

Mai zuwa daga Landan yakan hau jirgin ƙasa a tashar Waterloo, ya sauka a tashar kudancin Dorchester bayan kusan awa uku. Yana fitowa, tun kafin ya kama hanya, zai ci karo da Maumbury Rings, wani zagayayyen tarin ƙasa da mutanen Zamanin Dutse suka yi, Rumawa suka zo daga baya suka mayar da shi dandalin wasanni. Daga nan titin da ke ɗauke da sunan tudun ya miƙe ta unguwannin bayan gari, gidaje su ƙare, gonaki su karɓa. A ƙafa tafiyar ba ta cika wuce minti 40 ba. Tun daga nesa ake hango tudun kwance ya tare kudu, gefensa hawa-hawa kamar naɗin rawani. Titin yana ƙarewa a wani ɗan filin ajiye motoci a gindinsa ta arewa. Babu mai karɓar kuɗin shiga, babu kanti, babu rumfar fakewa. Ƙyaure ne da allon bayani, sai wata farar turba da ta haura sama.

Farin turbar nan alli ne. Tudun kansa dutsen alli ne, ƙasar da ta rufe gangarensa kuwa 'yar siririya ce, duk inda ƙafa ta cinye ciyawa sai farin ya bayyana, haɗe da tsakuwar ƙanƙara mai kaifi. In an yi ruwa turbar takan yi santsi kamar sabulu, kuma ba ta ragar wa mai takalmin gayu. Wannan allin shi ne kayan ginin gaba ɗaya. Abin da aka haƙo daga gwalalo shi aka jibga a bakinsa ya zama ganuwa, ke nan aiki ɗaya ya haifi zurfi da tsawo a tare. Yau komai kore ne, amma lokacin da aikin yake sabo ganuwoyin fari fat suke, ana hango su daga nisan tafiyar sa'o'i. Ta kudu layi huɗu ne, ta arewa uku, domin can gangaren ya isa tsaro da kansa. Har yanzu, bayan fiye da shekara dubu biyu na ruwa da iska, akwai wuraren da tsayinsu ya kai mita 6. Wanda ya sauka cikin gwalalo yakan ji iskar da ke kaɗa shi a sama ta ɗauke ɗif, ba ya ganin komai sai bangon ciyawa dama da hagu da ɗan tsirin sararin sama.

Turbar tana kai mutum ƙofar yamma, inda maginan suka zuba gwanintarsu. Ba a shiga ta kai tsaye. Bakunan ganuwoyin sun shige wa juna, wannan ya tare gaban wancan, sai mai shiga ya karkata hagu, ya dawo dama, ya sake juyawa, ko'ina kuma tudu na kansa. Ko yau da babu ƙyaure babu mai gadi, baƙo kan ɗan rikice ya tsaya neman inda hanya ta bi. Mahari a da zai yi wannan lanƙwashe-lanƙwashen ne ana yi masa ruwan duwatsu daga sama. A ƙarshen lungun akwai mashiga biyu gefe da gefe, haka ma a ƙofar gabas, tsarin da ba a cika samu a sauran garuruwan tudu ba. Masana sun daɗe da lura cewa aikin ya zarce abin da tsaro kaɗai ke bukata. Ganuwar da ta haura kilomita biyu a kewaye tana son mayaƙa masu ɗimbin yawa kafin a tsare ta ko'ina a lokaci guda. Shi ya sa da yawa ke ganin har da nuna isa a ciki: al'ummar da ta iya tara ɗaruruwan mutane su yi ta haƙa da ɗaukar ƙasa a kwando shekara da shekaru, ta kuma ciyar da su, ta gama gaya wa maƙwabta ko ita wace ce tun ba a zare makami ba.

A sama fili ne fetal, mai tsawon kusan kilomita ɗaya, tumaki na kiwo. Ta arewa maso gabas ga Dorchester. Ta kudu ga kwarin rafin South Winterborne, wanda ke gudu da hunturu ya ƙafe da zafi, bayansa kuma wani dogon tsauni mai jerin ƙusoshin ƙasa a gadon bayansa, kaburburan mutanen Zamanin Tagulla. Babu idon ruwa a kan tudun, ke nan mazaunansa sun sha hawa da sauka da tulu.

Ganuwar da ake gani ba ita ce farkon abin da aka yi a wurin ba. Wajen shekara ta 3500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, manoman farko na yankin suka sare dajin da ke gabashin tudun, suka haƙa zobe biyu na ramuka a jere, suna barin mashigai a tsakani. Da ƙahon barewa suka yi haƙan, don ba su san ƙarfe ba. A cikin ramukan an tono fasassun tukwane da ƙasusuwan shanu da ɓarɓashin ƙanƙarar da aka sassaƙa gatari da ita, alamar wurin taro ne da ciniki da bukukuwa fiye da mazaunin dindindin. Bayan an bar shi aka tara wani dogon tudun ƙasa mai tsawon mita 546 ya ratsa ta kansa. Yanzu ya kwanta sosai. Sai da hantsi ko da la'asar sakaliya, in inuwa ta miƙe, ido ke iya bin sa. A cikinsa aka taɓa tono ƙasusuwan wani mutum da aka daddatsa, aka yi ta ba da labarinsa a matsayin hadayar mutanen Zamanin Dutse, sai daga baya awon kabon, wanda ke gano daɗewar ƙashi, ya nuna mutumin ya rayu ne a wajen ƙarni na 7 Miladiyya. Wannan kuskuren ƙarami ne in aka gwada shi da wanda ke jira a ƙofar gabas.

A Zamanin Tagulla an nome tudun har ƙasar ta gaji, aka ƙyale shi. Sai wajen 600 kafin Miladiyya aka gina garin farko mai ganuwa ɗaya a gefen gabas, mai faɗin hekta 6 da ɗoriya, wanda bai fi sauran ƙananan garuruwan tudu na yankin da komai ba. Kimanin 450 kafin Miladiyya aka rushe bangonsa na yamma, aka ja ganuwa ta haɗiye sauran tudun, girman garin ya kusan ninka uku. Mai tafiya a tsakiyar filin zai ji ƙasa ta ɗan gangara ta sake tashi a ƙarƙashin ƙafarsa: gurbin tsohon gwalalon ke nan. A ƙarnonin da suka biyo baya aka yi ta ƙara layuka da ɗaga na ciki da murɗa ƙofofi. Yayin da Maiden Castle ke bunƙasa, ƙananan garuruwan da ke kusa da shi, irin su tudun Poundbury, suka yi ta zama kufai. Ko da lalama mutanensu suka ƙaura, ko da tsiya, sakamakon dai ɗaya ne: arzikin yankin da jama'arsa suka tattaru a wuri guda.

Filin da ya zama makiyaya a yau cike yake da gidaje a wancan zamani. Ɗakuna ne zagayayyu na itace da yaɓe, masu jinka, da murhu a tsakiya. Da fari a warwatse suke, daga baya aka jera su layi-layi, da tituna tsakani. Mutanen suna noma alkama da sha'ir, suna kiwon tumaki da shanu da aladu. An tono duwatsun niƙa, da gululun mazari, da duwatsun da ake ratayawa a jikin zaren saƙa don ya miƙe, an kuma gano maƙera babba kusa da ƙofar gabas. Abin da ya fi yawa shi ne ma'ajiyar hatsi. Akwai rumbuna da ake ɗorawa a kan ginshiƙai huɗu don gudun ɓera da danshi, akwai kuma ramuka masu zurfi da aka fafe cikin alli. Hikimar ramin abar a tsaya a duba ce. Ana cika shi da hatsi, a liƙe bakinsa da yumɓu. Ƙwayoyin da ke jingine da bangon mai danshi sai su fara tsiro, su shanye iskar da ke ciki, daga nan komai ya tsaya cak: babu ƙwaro, babu ruɓa, har a buɗe. An jarraba wannan a gonar gwaji ta Butser da ke Hampshire tun daga shekarun 1970, hatsin ya fito lafiya har ya yi iri. In rami ya tsufa sai a mayar da shi juji, wani lokaci ma kabari, kuma daga cikin jujin nan ne aka samo yawancin abin da aka sani game da cimar mutanen da sana'o'insu.

Makaminsu na tsaro majajjawa ce. A wani rami guda kusa da ƙofar gabas an ƙirga duwatsu sama da 20,000, mulmulallu, waɗanda aka ɗebo daga bakin teku, galibi ana cewa daga gaɓar Chesil da ke kudu. Wasu masana na ganin majajjawar ce ma ta haifi yawan layukan ganuwa: kowane ƙarin layi yana tura mahari nesa, inda jifansa daga ƙasa ba ya isowa, na mai gida daga sama kuwa yana samunsa. Daga wajen 100 kafin Miladiyya garin ya fara ja da baya. Tsarin tituna ya watse, jama'a suka ragu suka koma gefen gabas, harkar kasuwanci ta karkata ga garuruwan bakin teku masu hulɗa da ƙasar da ake kira Faransa a yau. Mutanen yankin a wannan lokaci su ne waɗanda Rumawa suka sani da sunan Durotriges.

Ƙofar gabas ita ce ta sa sunan tudun ya zaga duniya. Daga 1934 zuwa 1937 Mortimer Wheeler ya jagoranci tono a wurin tare da matarsa Tessa Verney Wheeler, wadda ita ke tafiyar da aikin yau da kullum da horar da ɗalibai har rasuwarta a 1936. Wheeler gwani ne ta fuska biyu. Ya tsara haƙa cikin murabba'ai, yana barin bango tsakaninsu don a riƙa karanta hawa-hawan ƙasa kamar shafukan littafi. Ya kuma san yadda ake jan hankalin jama'a: ya gayyaci 'yan jarida, ya buɗe wa masu kallo ƙofa, aka yi ta sayar musu da katunan hoto da duwatsun majajjawa, gudummawar jama'a ta ɗauki mafi yawan kuɗin aikin. A bakin ƙofar gabas ya tarar da maƙabarta mai gawa 52, aka ƙirga 14 masu raunin makami, ɗaya har da tsinin ƙarfe a kafe cikin ƙashin bayansa, ga kuma toka shimfiɗe a kusa. Marubucin Rum Suetonius ya riga ya rubuta cewa bayan mamayar da Sarki Claudius ya kawo wa Birtaniya a shekara ta 43 Miladiyya, Vespasian, kwamandan runduna ta biyu, ya ci garuruwa sama da 20 a kudu. Wheeler ya haɗa wannan da wancan, ya fito da labari cikakke: Rumawa sun yi luguden manyan kibau, sun cinna wa bukkoki wuta, sun kutsa sun karkashe mutane, waɗanda suka tsira suka binne 'yan'uwansu cikin gaggawa da dare. Rahoton ya fito a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, marubucinsa tsohon hafsan igwa ne da ya koma fagen daga, masu karatunsa kuma mutane ne da ba su daɗe da fita daga fargabar mamayar Jamus ba. Labarin ya zauna daram, ya shiga littattafan makaranta.

Daɗin labari ba ya zama hujja. A 1985 da 1986 Niall Sharples ya sake tono a tudun, ya kuma koma kan bayanan Wheeler. Ya nuna cewa tokar ta fi kama da ta maƙera. Gawawwakin kuma an yi musu sutura irin ta al'ada, an ajiye musu tukwane da nama, wasu da zobba, abin da bai yi kama da binnewar mutanen da ke gudun takobi ba. Maƙabarta ce ta gari, kuma ko wanda aka kashe a wani wuri ana iya kawo shi gida a rufe. A 2025 masana daga Jami'ar Bournemouth suka buga sakamakon sabon awon kabon da suka yi wa ƙasusuwan. Sun tabbatar da cewa kisan gilla aka yi wa da yawa daga cikinsu, wasu an sassare su fiye da abin da kisa ke bukata, amma ba rana ɗaya suka mutu ba. Mace-macen sun bazu cikin shekaru gommai, daga ƙarshen ƙarni na 1 kafin Miladiyya zuwa farkon ƙarni na 1 bayanta, yawanci tun Rumawa ba su iso ba. Ke nan rikicin na cikin gida ne, ko tsakanin dangi masu neman sarauta, ko hukuncin kisa. Inda aka sami shaidar harin Rumawa ƙarara shi ne Hod Hill, wani garin tudu a Dorset ɗin, inda kibansu suka taru a wuri guda, suka kuma gina sansaninsu a kusurwar ganuwar. Abin lura a nan, an iya gyara labarin ne saboda an adana ƙasusuwan da takardun tonon kusan shekara 90, har aka sami na'urorin da Wheeler bai da su.

Bayan mamayar, wajen shekara ta 70, Rumawa suka kafa garin Durnovaria a ƙasa, wanda shi ne Dorchester ta yau, tudun ya zama kufai. A ƙarshen ƙarni na 4 aka dawo aka gina ɗakin bauta a gefen gabas, a lokacin da Kiristanci ya riga ya zama addinin sarakunan Rum. Harsashinsa shi ne kaɗai ginin dutse da mai ziyara zai gani: ƙaramin murabba'i cikin babba, da gurbin wani ɗan gida a gefe, duka bai kai gwiwa ba. Daga nan sai shiru. In ban da ɗan noman da aka yi a ƙarni na 17, tudun ya shafe fiye da shekara dubu a hannun makiyaya, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa ya kai yau. Garma tana baje ganuwa cikin 'yan shekaru, saiwar itace tana farfasa abin da ke binne, tunkiya kuwa aske ciyawa kawai take yi ta bar ƙasa yadda ta same ta.

A ƙarni na 19 barazanar ta zo daga masu son wurin. Sha'awar kayan da ta kama masu hali a Ingila, kowa da shebur ɗinsa, abin da ya tono ya kai gida. Thomas Hardy, marubucin da aka haifa kusa da Dorchester a 1840, ya rubuta gajeren labari a kan wani masani da ya hau tudun da tsakar dare, ya yi biris da allon da ya hana haƙa, ya tono ɗan gunki ya zura a aljihu. Hardy ya kira wurin Mai-Dun, sunan da wasu ke cewa daga tsohon harshen mutanen ƙasar yake, ma'anarsa babban tudu. Wasu kuma na cewa sunan na yanzu yana nufin garin da ba a taɓa ci da yaƙi ba.

Dokar farko ta kare irin waɗannan wurare ta sha wuya kafin ta samu. John Lubbock, ɗan majalisa kuma mai harkar banki, ya yi kusan shekara goma yana kai ƙudiri ana watsar masa, domin masu filaye, waɗanda su ne suka cika majalisar, suna ganin katsalandan ne a dukiyarsu. Shi kansa sai da ya sa kuɗinsa ya sayi fili a Avebury don kada a yi gini a kan tsoffin duwatsun wurin. A 1882 dokar ta wuce, da jerin wurare 68, aka naɗa Janar Augustus Pitt Rivers sufeto na farko. Sai dai ba ta da haƙori: in mai fili bai yarda ba, gwamnati ba ta da ta cewa. Abin da ta kawo shi ne tsarin riƙo, inda fili ke nan a hannun mai shi, kulawa da gyara su koma kan hukuma. Ta wannan hanya Maiden Castle ya shiga hannun gwamnati a 1908. A 1913 aka yi sabuwar doka da ta ba hukuma ikon tsayar da ɓarna ko mai fili bai so ba, bayan ƙurar da ta tashi lokacin da aka ciccire kayan fadar Tattershall za a sayar.

Dokar da ke aiki yanzu ta 1979 ce. A ƙarƙashinta Maiden Castle na cikin wurare kusan 20,000 da ke rajistar kariya a Ingila. Duk aikin da zai taɓa ƙasa, ko kafa dirkar shinge ce, sai da izinin ministan al'adu a rubuce, bisa shawarar hukumar Historic England. Yawo da na'urar gano ƙarfe ba izini laifi ne, ɓata wurin da gangan kuma yana iya kai mutum gidan yari har shekara biyu. Filin mallakar masarautar Cornwall ne, wato dukiyar yarima mai jiran gado, kulawa kuwa tana hannun English Heritage, wadda aka kafa a 1984, ta koma ƙungiyar agaji a 2015, tana riƙe da wurare sama da 400. Ko masana ba a barin su su yi tono yadda suka ga dama. Tono ɓarna ce da ba ta gyaruwa, don ƙasar da aka juya ba ta sake karantuwa. Shi ya sa tun shekarun 1980 aka fi dogara ga na'urorin da ke auna abin da ke ƙarƙashi daga sama, waɗanda suka zana tituna da ramukan garin ba tare da an soka shebur ba. Mafi yawan filin har yau ba a taɓa shi ba, kuma da gangan aka bar shi.

Kulawar yau da kullum aiki ne marar armashi. Lissafin tumaki ne: in sun yi kaɗan ƙaya da sarƙaƙiya su mamaye gwalalo, in sun yi yawa su cinye ciyawa har saiwa, su kuma fafe gefen ganuwa inda suke fakewa daga iska. Zomaye suna haƙa ramuka su hautsina hawa-hawan ƙasa. Mutane ma suna da nasu rabon. Kowa yana son bin doron ganuwar ciki don kallo, yara suna son gangarawa a guje, kuma da ƙafa ta buɗe alli sai ruwan sama ya kama wurin ya mayar da shi kwazazzabo. Ana cike irin waɗannan raunuka, a dasa ciyawa, a killace su har su warke, a sa matakala inda gangare ya fi shan taku. Ana roƙon masu karnuka su riƙe su da igiya saboda tumaki. Barin wurin a buɗe kyauta yana ƙara wannan wahala, amma shinge da ɗakin tikiti da sun ɓata abin da ake zuwa gani.

Inda dokar ta fi rauni shi ne abin da ke wajen iyakar rajista. Daga kan ganuwar arewa ana hango sabuwar unguwar Poundbury, wadda aka fara ginawa a 1993 a filin masarautar Cornwall bisa ra'ayin gini na Yarima Charles, sarkin Ingila na yanzu. Gidajenta sun matso cikin gonakin da a da suka raba tudun da gari. Dokokin tsara birane sun wajabta a duba yadda sabon gini zai shafi mahallin wurin tarihi, amma awo ne ake yi tsakanin wannan da bukatar gidaje, kuma ba kullum tudu ke rinjaye ba. A Old Oswestry, wani garin tudu a Shropshire, an shafe fiye da shekara goma ana ja-in-ja kan gina gidaje a gindinsa.

Abin da aka ciro daga tudun yana gidan tarihi na Dorset da ke babban titin Dorchester, wanda aka sake buɗewa a 2021 bayan an faɗaɗa shi. Akwai gatura na ƙanƙara, da tukwane baƙaƙe na Durotriges, da matajan masaƙa na ƙashi, da duwatsun majajjawa, da kayan ɗakin bautar Rumawa, ciki har da wani ɗan bijimin tagulla mai ƙaho uku. Ƙasusuwan maƙabartar gabas ma suna hannun gidan, har da na mutumin nan mai tsinin ƙarfe a gadon baya. Shekaru da yawa ana nuna ƙarfen a matsayin kan kibiyar na'urar yaƙin Rumawa. Masanan da suka sake dubansa sun fi karkata ga cewa kan mashi ne irin na mutanen ƙasar.